Kaka a Bayan Jika

Ranar hutuna Ishbel ta miƙo mini makullin mota,
ta zauna a gefe, sanda tsakanin gwiwoyi.
Shekararta tamanin da ɗaya, talatin a ciki da alli a hannu.
Muka bar Ullapool, muka yi arewa,
tumaki kwance a kwalta kamar gadon ubansu.

A Knockan ta ce in tsaya.
Ƙafa ta ƙi mata hawa, sai ta aike ni kamar yarinya:
“Bi matakalar har inda launi biyu suka haɗu.
Hannu ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa.”

Na ɗora.
Na sama baƙi-baƙi, da sanyin gindin randa,
na ƙasa ya yi hasken kakkafan koko.
Tsakaninsu layi, ko bakin wuƙa ba ya shiga.

Da na sauko ta ce,
“Na saman ya girmi na ƙasan
da shekara wajen miliyan ɗari biyar.”

Ai ba haka ake gini ba.
Mahaifina magini ne a Funtuwa:
tubalin fari shi ke kwana a ƙasa,
na ƙarshe ya sha rana.
Wa ya ɗora kaka a bayan jika?

Shayi na tururi a murfin fulas
ta kusanto da tafukanta masu rawa.
Teku ne a tsakani da, in ji ta.
Ƙasa biyu suka yi ta matsowa,
kowace shekara gwargwadon tsiron farce,
har tekun ya rasa wurin zama.
Da suka yi karo babu mai kaucewa.
Dutse ya naɗe kamar tabarma,
ya tsage, ya hau ɗan'uwansa,
ya yi tafiyar yini biyu ta mai ƙafa a kan gadon bayansa,
kuma ba wanda ya ji ƙara,
don ba a yi kunne a tudu ba tukuna.
Tsaunukan da suka miƙe a nan
gajimare a ƙugu yake tsaya musu.

Na leƙa ta gilashi. To, ina suke?

Ta nuna mini rafi,
ɗan siriri, wanda akuya za ta tsallake.
Ruwa bai taɓa yi wa dutse faɗa ba.
Gaisuwa yake zuwa kullum,
in zai tafi ya ɗauki ƙwaya ɗaya.
Sanyi ya kwana a tsaga, ya kumbura, ya ɓalle ɓarya.
Daga baya ƙanƙara ta sauka, tulinta ya binne kwari,
ta durƙusa kamar mace a kan dutsen niƙa,
ta ja, ta tura, ta ja,
ta tashi ba ta share garin ba.

Can da nisa Suilven na tsaye shi kaɗai,
haƙori ɗaya a bakin tsohuwa.
Na faɗa mata haka.
Ta yi dariya har ta nuna mini nata.

Ni da na taso ina jin ana rantsuwa
cewa wane ba ya motsi, dutse ne.
Ashe baƙo ne shi ma,
jinkirin sallama kawai ya fi mu.

Daren nan ina bakin aiki a gidan tsofaffi.
Ƙarfe uku Tormod ya danna ƙararrawa.
Na sa kafaɗa ƙarƙashin hammatarsa, na ɗaga.
Mutumin da ya yi shekara arba'in yana jan koma a teku,
watan jiya ya fi haka nauyi.
Bai ce komai ba, numfashinsa a wuyana,
muka ratsa ɗakin taku-taku,
gwargwadon tsiron farce.

Da asuba na cire takalmi a bakin ƙofa,
yashi ya zubo, bai cika cokali ba.
Na ɗauko tsintsiya,
na tsaya ina kallonsa.